Mutumin da Aka Kashe Sau Tara a Gidan Rufa'i

Kwana uku da tashin 'yan fim daga gidan Malam Rufa'i na Ba'awa aka fara jifa.

Magariba ce irin ta kaka. An shigo da awaki, hayaƙin kara ya kwanta a kan katanga. Hajara matar gidan tana kwashe tuwo, 'yarsu Zubaida mai shekara goma sha shida tana jera kwanuka, shi kuma Rufa'i ya tsuguna da buta zai yi alwala. Sai hoge ya faɗo tsakar gida ya tarwatse. Ya ce yara ne. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku ya zo a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi, ya sauka a gaban butar.

Ya zaga bayan gida, babu kowa sai karan dawa a tsaye. Da ya dawo ya ɗauki hogen ya duba, sai ya ga ba ƙasar gona ba ce. Jar ƙasar gini ce, irin ta tsohon rumbun kakansa da ke kusurwar gidan, wanda aka daina zuba hatsi a cikinsa tun Rufa'i yana yaro.

Ga yadda 'yan fim suka shigo gidan. Wani darakta mai suna Fahad ya zo daga Kano yana neman tsohon gidan ƙasa, don shirinsa na talabijin mai dogon zango a kan 'yan daba da ubangidansu. Gidan Rufa'i ya yi masa, ya mai da shi maɓoyarsu. Kwana biyar suka yi, Rufa'i ya ga abin mamaki. Wuƙaƙen na roba ne. Jinin kuwa zoɓo ne da sitaci, a tukunyar Hajara aka dafa shi. Uban dabar da mutane ke tsoro a talabijin, idan lokacin salla ya yi sai ya ɓare tabon fuskarsa ya manna a jikin madubin mota, kuma ba ya iya wucewa ta gaban ragon gidan sai an riƙe masa shi.

Ranar ƙarshe aka ɗauki kisa. Wani saurayi Mujitaba ne ya fito a yaron da ya ci amanar ubangida. Aka biyo shi da gudu, ya rungume tsohon rumbun, ya ɗaga murya: "Masu gidan nan, na shiga amanarku, kada ku bari a kashe ni." Wannan maganar ba ta cikin takarda, daga bakinsa ta fito, Fahad ya ji ta yi masa daɗi ya ce a bar ta. Aka soke shi ya faɗi. Zakara ya yi cara a tsakiyar ɗauka, aka sake. Uban daba ya yi dariya, aka sake. Haske ya canja, aka sake. Riga uku iri ɗaya aka kawo masa, ana wanke wannan yana mutuwa a waccan. Sau tara aka yi. Rufa'i yana zaune a kan turmi, yana dariya har da hawaye. A ta ƙarshe aka naɗe yaron a tabarma aka sa shi a but ɗin mota, motar ta fita da shi, daga can ya wuce tasha bai dawo ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da faɗuwar rana yake farawa, ana kiran isha'i ya ɗauke. A rana ta uku suka fara jin kuka daga cikin rumbun, siririn kuka na tsohuwa wadda ta gaji. A ta biyar Zubaida ta je kwaso shanya ta wajen, ba ta dawo ba. Suka same ta zaune, ta jingina bayanta da rumbun, ta ware hannuwa biyu kamar mai kare wani a bayanta. Idonta a buɗe, amma ba su take kallo ba.

Daga ranar ta daina ci, ta daina sha. An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, likita ya ce bai ga komai ba. Ana dawowa da ita ta ja jiki ta koma gindin rumbun. Leɓɓanta suka tsage. Hajara takan ɗiga mata ruwa da auduga, ya gangaro ta gefen baki.

"Malam," in ji Hajara a rana ta huɗu da kwanciyar, muryarta ta dishe, "yarinyar nan tafiya take yi muna kallo."

Rufa'i ya hau babur ya nufi Falgore, inda wani dattijo Malam Hamma yake zaune a bakin daji da ɗalibansa da shanunsa. Ya zube a gabansa ya faɗi komai. Malam Hamma ya rataya gafakarsa ya hau bayan babur.

Sun iso da la'asar sakaliya. Malam ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Kaji suka hau kwana da wuri. Can sai kan Zubaida ya juyo, ta yi magana da muryar da ba tata ba, muryar tsohuwa tukuf.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi komai ba. Na riga kakan wannan zama a nan. Ko ludayi ban taɓa fasa musu ba." Numfashin yarinyar yana fita da ƙyar. "Baƙo ya rungume ɗakina ya shiga amanar masu gida. Na amsa masa. Na miƙa hannu, suka haske ni da wata fitila mai zafi, na kasa. Suka kashe shi. Suka tashe shi da tsafinsu suka sake kashewa. Sau tara yana kirana. A ta tara suka fita da shi a tabarma. Wannan kuma," idon ya sauka a kan Rufa'i, "yana kan turmi yana dariya."

Rufa'i ya ce, "Wasa ne, Iya. Wallahi wasan kwaikwayo ne. Yaron yana nan da ransa."

"Na ga jini."

"Zoɓo ne."

"Uwar yaron can tana kuka a wani gari. Ku ma za ku ɗanɗana."

Malam Hamma ya ɗaga hannu ya tsayar da Rufa'i. "Idan aka kawo miki shi da ƙafarsa fa?"

Tsohuwar muryar ta ce, "Gobe kafin rana ta faɗi. Yarinyar ba za ta kai jibi ba, ko na so ko ban so ba."

Rufa'i ya kira Fahad a waya, ya ce yana neman Mujitaba. Fahad ya ce, "Baba, ai ba ya tare da mu, shi ya sa muka kashe shi a labarin. Mahaifinsa ne ya rantse sai ya bar fim, dole muka cire shi. Ya canja layi, ba wanda yake da lambarsa. Bari na turo maka bidiyonsa ka nuna."

"Wane bidiyo?"

"Wanda muka ɗauka a gidanka."

Rufa'i ya lumshe ido. "Ɗana, wanda aka kashe shi a ciki za ka turo min? Faɗa min garinsu."

Abin da Fahad ya sani kawai, ɗan Tudun Wada ne, kuma gidansu harkar shinkafa suke yi.

Ana sallame asuba Rufa'i ya kama hanya. Ya bi injinan casar shinkafa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Aka nuna masa Mujitaba mai awo, ba shi ba ne. Aka nuna masa wani mai ɗinkin buhu, ba shi ba ne. Azahar ta yi, ta wuce. Sai da wata mai abinci ta ce, "Ko wanda 'yan daba suka yanka a talabijin?" sannan aka kai shi bayan wani inji, ya same shi yana shanyar shinkafa, dusa ta rufe masa gira.

Mujitaba ya saurara har ƙarshe, ya sunkuyar da kai. "Baba, na yi wa mahaifina alkawari ko inda aka ɗauki fim ba zan sake takawa ba. Ya ce in na koma bai yafe ba."

Rufa'i ya dubi rana, ta fara karkata. Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya durƙusa a kan shinkafar, a gaban yaron da a haife ya haife shi.

"Ba fim za ka yi ba. Tsayawa kawai za ka yi a gan ka. Ka kai ni wurin mahaifinka, in ya ce na kwanta ya taka ni zan kwanta."

Masu aiki suka tsaya suna kallo. Mujitaba ya kama shi ya ɗaga. Mahaifin yana cikin rumfa kusa, ya ji komai. Ya ce, "Je ka. Wannan ba ya cikin rantsuwata."

Sun shigo gidan rana ta zama ja, saura kaɗan ta nutse. Hajara tana riƙe da kan Zubaida, Malam Hamma bai tashi daga buzunsa ba tun azahar. Mujitaba ya tsaya a tsakar gida.

Idon yarinyar ya buɗe. Ya daɗe a kansa.

"Matso," in ji tsohuwar muryar. "Ɗaga rigarka."

Ya ɗaga. Busasshen hannun Zubaida ya shafa cikinsa, ya shafa haƙarƙarinsa, ya koma ya sake shafawa. Ko ƙwarzane babu.

"Kai ne."

"Ni ne, Iya."

"Kwana goma sha biyu ina makokinka." Hawaye ya zubo daga idon da ya bushe. "Me ya sa ka kira ni?"

Mujitaba ya ce, "Ban san akwai mai ji ba."

 

Malam Hamma ya ce, "Kin gan shi. Ki saki yarinyar mutane, ki yi alkawari ba za ki dawo mata ba."

"Da sharaɗi biyu. Ya sauke min amanarsa da bakinsa, don har yanzu tana wuyana."

"Na sauke miki, Iya," in ji Mujitaba. "Allah ya saka miki da alheri. Ba wanda ya taɓa tsaya min haka."

"Na biyu, ka nema min wuri a dajinku, Malam. Ba zan ƙara kwana a nan ba."

"Akwai wuri. Amma ai kin ga ba laifin da aka yi."

"Na gani." Kan ya juya a hankali zuwa ga Rufa'i. "Kai ɗan gidan nan, kai ka san wasa ne, ni ban sani ba. To ina tambayarka. Ran da wani zai rungume katangarka da gaske yana wannan kiran, za ka gane? Ko za ka zauna a kan turmi kana jira a sake?"



Ba ta jira amsarsa ba. Malam Hamma ya karɓi alkawarinta sau uku, ya ci gaba da karatu. Zubaida ta yi atishawa, ta sake, ta sake, hannuwanta da suka kwana biyar a ware suka faɗo kan cinyarta. Ladan ya kira magariba. Suka zauna suna sauraren faɗuwar hoge, babu abin da ya faɗo.

"Inna," in ji Zubaida da 'yar muryarta, "ƙishirwa."

Rufa'i ne ya riga kowa zuwa randa. Ya ɗebo, rabi ya zube a hanya saboda sauri. Ya durƙusa ya kai mata moɗar baki, ya ƙura wa maƙogwaronta ido. Ruwan ya tsaya a bakinta kamar zai dawo. Sannan ta haɗiye.

"Ƙaro, Baba," ta ce.