Kwabon da Aka Musanya wa Virgil

Ranar Juma'a da hantsi Virgil Hostetler ya shigo ofishin 'yan sandan garinmu da silifas a ƙafa. Shekararsa saba'in da tara.

"An sace mini kwabo," ya ce.

Kurtun da ke kan kanta ya danne dariya da ƙyar. A nan jiharmu ta Ohio ko a ƙasa ka ga kwabo ba ka sunkuya masa. Amma Sufeto Renata Pulaski ta ga idon tsohon, tsoro ne zalla a ciki. Ta ja masa kujera.

Ya ajiye ɗan kwali mai tagar leda, da kwabo a tsakiya, an danne gefe huɗu da fil ɗin sitefula, irin na haɗa takardu.

"To ai ga shi nan, Baba."

"Ba shi ba ne! Kwalina ne, rubutuna ne, amma ba kwabona ba ne. Nawa na 1969 ne mai harafin S a ƙasan shekarar, rubutunsa a ninke. Zai sayi sabuwar mota." Ya miƙa mata gilashin ƙara girma. "Ninki iri biyu ne, ranki ya daɗe. Akwai wanda hatimin ƙarfen da ke buga kwabon ne ya zo a ninke, sai haruffa su fito biyu ɓaro-ɓaro, a kumbure. Shi ne na gaske. Akwai kuma wanda inji ne kawai ya girgiza, ya murje gefen harafi ya bar shi a shafe. Wannan ko alewa ba zai saya ba."

Ta duba. Gefen haruffan a shafe suke.

"Kowa cewa yake dama haka yake, ni ne na fara ruɗewa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗana ya samo mini ɗaki a gidan tsofaffi. Litinin za a kai ni. Wallahi har na fara tsoron ko gaskiyarsu ce."

Da azahar ta je gidan. Ta iske ɗan, Curtis, yana cusa rigunan ubansa a akwati.

"Ka taɓa shiga ɗakin kwabbansa?"

"Ko sau ɗaya. Sufeto, aljihun tebur cike da tsatsa, me zan yi da shi?"

"Wa ya ce maka a aljihun tebur suke?"

Curtis ya ajiye rigar da ke hannunsa. "To, na shiga. Makullin motarsa na je ɗaukewa. Ina tsoron kar ya kashe kansa a titi. Mutumin da ke kuka a kan kwabo fa! Amininsa ma, Orville Benko, shugaban ƙungiyarsu ta masu tara kwabbai, ya duba ya ce aikin inji ne."

A aljihun teburin ta sami tsohon littafi. A wani shafi na shekara talatin baya Virgil ya zana kwabon da fensir, ya rubuta a ƙasa: S ɗaya ne.

"Me wannan ke nufi, Baba?" ta tambayi Virgil.

"A wancan zamani daga baya ake buga S a jikin hatimi, da hannu. Don haka na gaske komai zai ninku ban da S. Inji kuwa ba ya zaɓe."

Ta sake ɗora gilashi a kan kwabon. S ɗin ma a murje yake. Ga shi saura kwana uku a kai mai hankali inda ba a dawowa.

Sai ta shafa bayan sauran kwalayen, fil ya kusa yaga mata yatsa. Duk ƙafafun fil ɗin a tashe suke. Na kwalin kwabon da ake gardama a kai ne kaɗai aka latse sumul, kuma kowane fil da ɗan tabo a gefe.

"Kana latse fil?"

Virgil ya nuna mata yatsunsa da sanyin ƙashi ya tanƙware. "Da me? Ko filaya ba na iya riƙewa. Orville kullum zagina yake, wai ƙazami, zan karce kwabbai."

"Wa ke da makullin gidan nan?"

"Orville. Da aka kwantar da ni asibiti watan jiya, shi ke ba kyanwata abinci." Ya tsaya. "A'a, Sufeto. Kar ki ce. Shekara arba'in muna shan kofi duk Alhamis."

Asabar da safe Orville Benko ya karɓe ta a gidansa da fara'a, har da biskit.

"Kayya, Virgil bawan Allah! Tsufa ne. Ni kwabon nan ta tagar leda kawai na taɓa ganinsa."

"Ba ka taɓa buɗe kwalin ba?"

"Haba! Kayan mutum?"

Kwalayensa na jere a tebur kamar sojoji, kowane fil a latse. Kusa da su akwai ƙaramar filaya mai ɓallallen haƙori. Sufeto ta ɗauki wani kwali, ta matse fil guda da ita, ta ajiye kusa da na Virgil. Tabon iri ɗaya ne sak.

Orville ya ajiye kofin da ke hannunsa a kan faranti.

"Ka buɗe kwalinsa, ka musanya, ka sake dannewa," in ji ta. "Amma hannunka ya kasa barin fil a tashe. Ina kwabon?"

Orville ya miƙe tsaye. Sannan ya ciro ɗan kwali daga aljihun ƙirjinsa. Ashe a jikinsa yake yawo da shi.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Shekara arba'in ina tankaɗe kwabbai buhu-buhu har idona ya mutu. Shi kuma a canjin burodi aka ba shi! Ina adalci a nan?"

"Ka san Litinin za a kai shi?"

"Na sani."

"Kuma ka yi shiru."

Ta tasa shi gaba zuwa motar 'yan sanda.

Da yamma ta kai wa Virgil kwabon don ya shaida shi. Curtis na tsaye a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa. Tsohon ya ɗora gilashi, ya daɗe yana dubawa.

"Curtis, zo ka gani. S ɗin guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, Baba."

"Sake faɗa."

"Ɗaya ne." Curtis ya miƙa masa gilashin. "Ka yafe mini."

Virgil ya ajiye gilashin, ya share ido da bayan hannu.

"Ka zazzage akwatin nan," ya ce. "Makullin motata kuma, a kan tebur nake son ganinsa."