Maɗacin Tsohuwa

An kashe maɗacin Tsohuwa a tsaye. Ranar da mutanen ƙauyen suka watse zuwa kasuwar Danja, wani ya zagaye gindinsa da wuƙa, ya ɗaye ɓawon kaf, bai bar ko siririn zaren da zai haɗa sama da ƙasa ba.

Sufeto Awaisu ya iso daga Malumfashi washegari da hantsi. Ya tarar an ɗaure wani makiyayi, Jibo, da ake zargi da aikin, a zauren mai unguwa, samari na jira a miƙo masu shi. Ya ce kowa ya dakata, ya wuce wajen itacen.

Ganyen na nan kore shar, iska na kaɗa shi a hankali. Itacen bai san ya mutu ba. Inuwar ta yi sanyi har Sufeto ya ji kamar ya cire takalmi ya miƙe. Tsohuwa na zaune a kan saiwa, tana kallon sama.

"Sannu, Inna. Naki ne?"

"Na Malam Aƙilu ne, mijina. Shekara tara da rasuwa. Ni tsaro ya bar mani." Ta shafa saiwar. "Shekara arba'in muna cin ɓawonsa, ɗan nan. Mai zazzaɓi ya sha, mai ciwon ciki ya sha, a ɗura wa dabba, majema ma suna zuwa nema. Faɗin tafin hannu ake ɗauka, bana ta gabas, baɗi ta yamma, a shafe ciwon da jar ƙasar suri. Kafin ka zagayo ya ɗinke kansa."

Sufeto ya durƙusa. Duk inda aka ɗaye an shafe shi da jar ƙasa sumul, ga sawun yatsu a jere.

"Ke kika shafe wannan?"

"Haka na tarar da shi," in ji ta. Ta mayar da idonta kan ganye.

A zaure, Jibo bai tsaya kewaye-kewaye ba.

"Ranka ya daɗe, ina ɗibar wa shanu ɓawon, ban musa ba. Amma da adda nake sara in yi gaba. Ni da bukkata ma ban yaɓe ba, zan tsaya yi wa itace kwalliya?"

"Wa ya ce ya gan ka?"

"Murtala, ɗan tsohuwar."

Gonar Murtala ta jingina da maɗacin. Masarar can nesa ta fi mutum tsawo, wadda ke ƙarƙashin inuwa kuwa ko gwiwa ba ta kai ba, ta yi ruwan ɗorawa. Murtala ya ajiye fartanya, ya ɓare goro da farcensa, ya miƙa wa baƙo.

"Jiya kana ina?"

"Danja, Yallaɓai. Tun safe."

"Kana Danja ka hango Jibo a nan? Idonka ya fi na shaho."

"Da... da na dawo ne."

Sufeto ya ciji goron. Wani ɗaci ya bi masa harshe, ba irin na goro ba, irin wanda kakarsa ke ɗura masa yana ƙarami in jikinsa ya yi zafi. Ya ɗan lumshe ido, har ya ji ƙamshin hayaƙin ɗakinta. Sannan ya tofar.

"Miƙo hannunka."

Ƙarƙashin faratan duk jar ƙasa ce.

"Malam Murtala, wanda ya zo kashe itace ba ya tsayawa yi masa magani. Sai wanda aka koya wa tun bai kai tsawon fartanya ba. Mutum nawa Malam Aƙilu ya koya wa?"

Murtala ya zauna a kan kunya. Ya daɗe yana kallon masarar.

"Itacen nan rabin gonata ya cinye, Yallaɓai, ga iyali. Inna ta ce ba mai sare shi sai bayan ranta. Na ce to, in ya bushe da kansa fa? Da na gama ɗayewa na miƙe zan tafi, sai na ji kamar Baba na tsaye a bayana yana jira. Wallahi ban san lokacin da na kwaɓa ƙasar ba."

"Jibo fa? Shi ma Baban ne ya ce ka ba da shi a kashe?"

Murtala ya miƙe daga kan kunyar.

Aka kwance Jibo. Da aka wuce da Murtala zuwa mota, Tsohuwa ba ta juyo ba. Tun jiya ta gane sawun yatsun.

Alƙali ya ba Murtala wata shida a gidan yari. Maɗacin ya riƙe ganyensa har ƙarshen damina, sannan ya zubar da shi gaba ɗaya cikin mako guda. Tsohuwa har yau a kan saiwar take wuni, rana na dukan kanta.