Amaryar Filin Rugbi

"Baba, don girman Allah ka ba ni fasfona..."

Lailatu na durƙushe a zaure. Malam Tahiru ko kallonta bai yi ba.

"Ɗiyata cikin gajeren wando, tana kokawa da ƙatti bisa ƙwallo? Duk Filingue an gani!"

"Mata ne 'yan'uwana, Baba. Ƙasa ce ta kira ni."

"Muddin kina gidana, ba ki zuwa!"

Hutu ta zo daga jami'ar Yamai, inda ta yi shekara uku tana buga rugbi. Sai Nasiba, ɗiyar gwaggonta, wadda ta daɗe da ƙyalla ido kan Mansur, saurayin Lailatu, ta samo bidiyon wasanta ta bi gida-gida da shi. Ranar aka karɓe mata waya da fasfo. Kwana goma sha tara ke nan ko bakin ƙofa ba ta leƙa ba. Daga daka sai wanki, sai jin ƙarar motocin Yamai suna wucewa ta bayan katanga.

Da la'asar Mansur ya zo. Malamin makaranta ne, an sa musu rana shi da Lailatu bayan girbin hatsi. Nasiba ta shimfiɗa tabarma kusa da su, wai tana tsince wake.

"Masoyiya, kin rame."

"Alhamis za a rufe shiga sansanin horo, Mansur." Hawaye suka zubo mata. "Ƙasashen yankinmu za mu fara karawa. Wadda ta zo ta ɗaya ita ka wucewa gasar Afirka, daga can ake samun gurbin gasar duniya. In munka faɗi, sai bayan shekara huɗu!"

"Innata ta ce in zaɓa," ya faɗa a hankali. "Ko ita, ko mai kada mutane."

"To mi ka zaɓa?"

Ya dubi Nasiba, ya miƙe.

"Ki yi haƙuri."

Washegari labari ya shigo ɗaki: Mansur ya turo kawunsa, a ɗaura aurensa da Lailatu ranar Laraba.

Lailatu ta ji kamar an ƙara wa ƙofar kwaɗo. Daga wannan katanga zuwa wata ke nan. Nasiba kuwa ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci.

Mahaifinta ya tambaye ta ko ta yarda. Tana son sa, wannan kam ba ta iya musu.

"Na yarda, Baba."

Aka ɗaura da hantsi, ba kiɗi ba guɗa. Mahaifiyar ango ko goro ta ƙi karɓa.

Bayan azahar Mansur ya shigo zaure, ya sa aka kira amarya. Ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, ka ce muddin tana gidanka. Yanzu ni ke da nauyinta. Ba zan ɓoye maka ba, Yamai zan kai ta yau."

Lailatu ta ɗago kai da sauri.

"Dabara ka yi mini, yaro?"

"Na ɗauke maka maganar gari ne. Wanda zai zagi, ni zai zaga."

Tsohon ya dubi ɗiyarsa. Sannan ya zaro makulli daga aljihu, ya ajiye a tabarma.

"Fasfonki na cikin akwatin ƙarƙashin gado. Allah shi tsare hanya."

A mota, cikin buhunan hatsi da kaji, sai da suka wuce Baleyara ta iya magana.

"Don mi ba ka gaya mini ba?"

"Gaban Nasiba? Da kafin magariba an toshe ko'ina."

"Innarka fa?"

"Ta ce kada in taka ƙofarta." Ya juyo ya dube ta. "Zan yi ta zuwa har ta buɗe."

Ta damƙe hannunsa ƙarƙashin mayafi.

"Mijina..."

Da safiyar Alhamis mai horarwa ta hango ta daga tsakiyar fili.

"Lailatu! Mun kusa share sunanki! Maza ki sa takalmi!"

Ta ruga, lallen amarci bai ko dushe a ƙafarta ba.

Mansur ya tsaya a bakin shingen waya yana kallo. Can sai ya ga matarsa ta sunkuya, ta ɗauke wata zabgegiya ta maka da ƙasa. Ya dafe ƙirji, ya juya wajen maigadin filin.

"Malam, don Allah... in ta yi haka, tafi ake yi ko haƙuri ake badawa?"

Maigadin ya tuntsire da dariya.

"Tafi, ango. Tafa da ƙarfi!"