Kwamandan da Ya Ɓace a Sanyuanli

Da ƙarfe uku na yammacin Juma'a Hajiya Adizatu ta kira ofishin 'yan sanda na unguwar Sanyuanli, ta ce an sace mata kwamanda. Sufeto Liang ya shekara goma sha biyu a unguwar, har Hausar kasuwa ta zauna a bakinsa, amma bai taɓa jin irin wannan sata ba. Ya ajiye shayinsa ya tafi ya gane wa idonsa.

Hajiya 'yar zangon Kumasi ce, tana da sito a bayan kasuwar Canaan inda take tura wa 'yan kasuwa kaya. Ashe kwamandan allon tagulla ne mai kilo talatin. Wata ƙungiyar masu son tarihi a wani birnin bakin teku na ƙasar Ailan ce ta ba da aikin ƙera shi, ta hannun ƙaninta da ke zaune can. A jikinsa akwai fuskar wani Don Baltasar, jagoran sojan Sifaniya, da shekarar 1601. Gobe da yamma jirgi zai tashi da shi, ranar Laraba a buɗe shi a gaban jama'a.

"In bai hau jirgin nan ba, Sufeto, ƙanina ba shi da fuskar da zai kalli mutanen nan," in ji ta. "Ni ma sunana ya mutu."

Liang ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Akwatin katakon da aka ajiye allon a ciki wayam. Abin da ya tsayar da shi shi ne famfon da ake alwala a bakin sito: ruwan da ya taru a ƙasa ya yi kore-kore.

Munkaila mai kula da siton ya rantse ko nan da ƙofa bai je ba tun safe.

"Yau Juma'a," in ji Liang. "Ba ka je masallaci ba?"

Munkaila ya kalli Hajiya, ya kalli ƙasa. Ƙarya a gaban ɗan sanda da sauƙi, amma ya ce ya tsallake Juma'a a gaban Hajiya, wannan ba zai iya ba. Ya amsa cewa ya je masallacin Huaisheng, ya bar mabuɗi a ƙarƙashin sikeli kamar kullum, saboda mutanen gida masu kawo kaya. Su uku ne suka san wurin. Biyu suna can garin Yiwu tun Litinin, saura Alhaji Barmo.

Liang ya kira maƙerin da ya zuba allon, wani tsoho mai suna Huang, ya tambaye shi ko tagulla tana zubar da kore. Tsohon ya yi dariya. Ya ce mutanen Ailan ne suka nemi allon ya yi kama da tsohon abu, shi ya sa jiya ya shafa masa magani. Sai gobe da safe zai zo ya rufe shi da kakin zuma. Kafin nan, duk wanda ya rungume shi sai ya kwana uku yana wankin hannu.

Alhaji Barmo Bakano ne mai sarin jallabiya. Shekara shida da suka wuce Hajiya ce ta ɗauko shi daga filin jirgi, ta nuna masa kasuwa shago-shago. Liang da yaransa suka same shi a harabar otal ɗinsa a titin Liuhua Lu, sanye da sabuwar jallabiya wadda ko layin ninki bai sake ta ba, hannayensa biyu a aljihu. Ya ce shi a sahun gaba ya yi salla.

Liang bai musa ba, sai ya miƙa masa hannu yana cewa, "Alhaji, barka da Juma'a."

Bakano ba ya barin hannu a miƙe. Barmo ya ba shi nasa, Liang ya riƙe ya juya tafin. Kore ne a ƙarƙashin kowane farce.

"Rinin kaya ne, Yallaɓai."

"To mu je mu ga kayan."

A siton Hajiya kwalayen Barmo tara ne, kowanne da lambarsa da nauyinsa a jiki, kilo goma sha biyu. Na taran sai da 'yan sanda biyu suka kama. Sabo turken wawa: ko kwalin satar sai da ya rangaɗa masa sunansa da alƙalami, kamar yadda ya saba yi wa kayansa. Aka yanka, kwamanda ya leƙo daga cikin farar rigar Juma'ar Barmo da ta koma koriya.

Barmo ya zauna a kan sikeli. Ya ce da ya ga 1601, ya ga tsatsar, sai ya ɗauka kayan tarihi ne na shekara ɗari huɗu Hajiya za ta fitar a ɓoye. Ya yi zaton ko an sace ba za ta iya kai ƙara ba.

"Kwanansa huɗu a duniya," in ji Liang.

Tun ɗazu wata tambaya ke cin Sufeton, sai yanzu ya samu sarari. Ya tambayi Hajiya wane yaƙi mutumin ya ci har ake yi masa allo a ƙasar da ba tasa ba. Ta ce bai ci ko ɗaya ba. Ƙaninta ya gaya mata ya je taimakon mutanen Ailan ne, aka ci shi da yaƙi, ya koma gida a wulaƙance.

Barmo, da ankwa a hannu, ya ɗago kai. "To don me za su tuna da shi?"

Hajiya ta dube shi, ranta a ɓace ƙwarai.

"Don ya ci abincinsu bai ci amanarsu ba, Alhaji."

Aka sa Barmo a mota. Hajiya ta juya ta ce wa Munkaila ya ba ta mabuɗin.