Soson Tankin Chizuru

Ranar da Chizuru ta fara ganin Ryuhei, ya dulmiya hannu cikin tankin man motar tserenta, yana zaro baƙin soso gunduwa-gunduwa yana jerawa a ƙasa. Ta tuɓe hular kwano ta tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa mata mota. Ya ɗago, ya rusuna, ya ce kamfanin da ya ƙera tankin ne ya turo shi dubawa. Sai ya shiga yi mata bayanin da ba ta nema ba, wai soson ke hana mai tambal-tambal idan ta sha kwana, kuma in an yi hatsari shi ke danne wuta kada tankin ya tarwatse.

"Na sani," in ji ta. "A garejin nan na yi rarrafe."

"To ki yi haƙuri. Yadda kika haɗe rai na zaci soson ne ya yi miki laifi."

Ta so ta gimtse dariya, ta kasa.

Daga nan tankin ya zama mai yawan buƙatar dubawa. In an tashi aiki sukan je shagon taliyar udon da ke bayan filin tsere, ta yi ta ba shi labarin kwanar da ta fi ba ta wuya, shi kuwa ya saki baki har romonsa ya huce. Ta raɗa masa Sarkin Soso, shi ya sa mata Guguwa.

"Guguwata, yau da kika wuce ta gabana ban ga komai ba sai jan fenti, amma zuciyata ta gane ki," ya rubuto mata wata rana.

Ta mayar masa: "Sarkin Soso, koma bakin aikinka. Ni ma na hango ka."

Mahaifinta Hamaguchi, tsohon direban tsere kuma mai garejin, bai yi murna ba. Ya riga ya zaɓa mata miji, Masanobu, injiniyansa, wanda yake so ya gaji wurin. Shi Masanobu ya daɗe yana cewa a fitar da soson: sabon man da ake gauraya yana cinye shi, ɓurɓushin ya toshe famfo, ga shi yana tare wurin mai. Maganarsa ba ƙarya ba ce, Chizuru ta taɓa ganin mota ta mutu a tsakiyar tsere saboda haka. Ta ce a bar ta ta yi tunani, tunda ita ke zama tankin na bayanta.

Ranar babban tseren kakar, tana sanye da kayanta, masu binciken motoci suka zo suka ce a buɗe tankin. Aka buɗe, wayam, babu soson da dokar tsere ta wajabta. Nan take suka cire motar daga tsere. Kafin ta gama fahimta, Masanobu ya raɗa mata cewa saurayinta ne ya kai ƙara.

Ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Uban da ya haife ta ya yarda an kwashe soson a ɓoye, ya bar ta za ta shiga mota ba ta sani ba. Wanda take so kuma ya gano, amma maimakon ya zo gare ta ya tafi wurin hukuma.

"Baba, da na kifa a kwanar gangare fa, me za ka gaya wa Mama?"

Hamaguchi ya kau da kai, ya ce a zamaninsu ba soso suka yi tsere kuma ga shi da ransa. Ya ƙara da cewa muddin yana numfashi wannan ɗan gulmar ba zai sake taka masa gareji ba, balle ya aure masa 'ya.

Chizuru ba ta kare Ryuhei ba, don shi ma a wuya take da shi. Ya kira ta ƙi ɗauka, har ya gaji ya turo saƙo:

"Guguwata, Masanobu ya ce mini ke kika ba da umarnin cirewa, kuma kin ce kada in sa baki. Na gwammace ki tsane ni kina raye."

Saƙon bai sanyaya ta ba, ƙara tunzura ta ya yi. Ta same shi a wurin aikinsu, a gaban abokansa, ta tambaye shi tun yaushe maganar Masanobu ta fi tata daraja. Ko da ita ta sa a cire, ai tana da kunne.

"Kowa ya iya tsorata a kaina, ba wanda ya iya tambayata," ta ce. "Kai ma ka mai da ni kayan da ke cikin motar."

Bai kawo uzuri ba. Ya rusuna ƙasa sosai, bai ɗago ba sai da ta ce ya isa, mutane na kallo.

Ta koma gida ta tara mahaifinta da Masanobu da Ryuhei a garejin. Ta ce ta yanke shawara: za a sa sabon soso irin wanda ke jure man, a riƙa duba shi ana canzawa kowace kaka, kuma ba mai sake kwance ko ƙusa ɗaya ba da saninta ba, in ba haka ba ta koma tuƙa wa wasu. Ta sa Masanobu ya maimaita abin da ya gaya wa Ryuhei a gaban mahaifinta. Ya yi ta in-ina. Kafin mako ya zagayo tsohon ya sallami Masanobu.

Batun aure ya fi ɗaukar lokaci. Ryuhei ya yi ta zuwa gaisuwa da kwalin alewar wake, Hamaguchi ya karɓa ya shige ciki ba ko sannu. Sai da hunturu ya wuce, wata safiya tsohon ya same shi a ƙofa ya ce, "Tsayuwar me kake yi kamar baƙo? Shigo, shayi na hucewa."

An ɗaura auren lokacin da furanni suka buɗe, a ƙaramin wurin ibadar unguwarsu, amarya cikin farin kimono, rigar gargajiyarsu. Da aka zo walima aka miƙa wa Hamaguchi makirufo, ya miƙe.

"Yarinyar nan ta fi ni zuciya, kuma ta fi ni gaskiya," ya ce. "Ɗana, na ba ka ita. Ku tsufa tare lafiya, gidanku ya cika da 'ya'ya masu taurin kai irin nata."

Jama'a suka ɗauki tafi. Chizuru ta sunkuyar da kai, ta laluba hannun mijinta a ƙarƙashin tebur ta riƙe gam.