Maganin da ya Daina Ɗaci

Ɓarawon da ya fasa rumbu ya bar ka da yunwa, amma ka san abin da ya same ka. Wanda ya kwashe maganin marar lafiya ya zuba wani abu a gurbinsa, ya bar ta tana haɗiya da bismilla tana jiran sauƙi, wannan kabari yake haƙa mata. Abin da aka yi wa Halimatu Sadiya ta Adogi ke nan.

An kawo ta asibiti a Lafia da hantsi, jiki sanyi ƙalau, ba ta san wanda ke kanta ba. Dokta Terngu ta yi mata allura, ta sa mata ruwa, sannan ta buɗe robar maganin da aka zo da ita. Ƙwayoyi farare ne ƙanana, kamar kullum. Ta ɗanɗana ɗaya, ta kira 'yan sanda.

Sajan Doris aka turo, mace mai jiki, mai magana a hankali, wadda ba ta son a yi mata gaggawa. Kafin ta iso, Kyari, yayan Halimatu, ya riga ya riƙe wuyan rigar mijin ƙanwarsa a baranda.

"Shi ne, Sajan. Shi ke karɓo maganin. Ya sayar ya cika robar da shirme. Yau zan tafi da ƙanwata, auren ya ƙare."

Mijin, Babandi, manomin doya ne, siriri kamar kara. Bai ƙwace rigarsa ba. Ƙofar ɗakin da matarsa ke ciki kawai yake kallo.

"Sake shi, Malam," in ji Doris. "In kamu ne, aikina ne. Kar ka cinye min albashi."

Ta fara da likita. Dokta Terngu ta ce akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke ba da umarni ga wasu 'yan'uwanta da ke saman ƙoda su fitar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jiki. Halimatu ta zubar da jini sosai wajen haihuwa bara, 'yar tsokar ta mutu. Nono bai zo ba, ƙarfi ya tafi. Asibitin na bincike a kan mata masu irin wannan lalura, ana auna jininsu, ana ba su magani na wata uku-uku.

"Ba na warkarwa ba ne, Sajan. Madadin abin da jikinta ya daina yi ne. Ta daina sha, zazzaɓi kaɗan zai iya kashe ta. Wannan da ke robar bitamin ne."

"In mai lafiya ya sha na gaskiyar fa?"

"Leƙa benci."

Doris ta leƙa. Cikin masu jira akwai wata mata, fuska zagaye kamar faifai, wuya cike, ƙafafu kuma sirara.

"Ita jikinta ne ke yin sinadarin fiye da kima," in ji likitar. "Mai lafiya ya yawaita shan maganin, haka zai koma. Kuma jikinsa zai yi lalaci ya daina yin nasa. Ya tsaya rana ɗaya, sai ya faɗi kamar Halimatu."

Da la'asar Halimatu ta farfaɗo. Abin da ta fara tambaya shi ne ko Babandi ya ci abinci.

"Ana cewa shi ya canza miki magani," in ji Doris.

"Baban Rabi'a? Mutumin da ke ajiye min dabino kusa da robar don ɗaci?" Ta yi dariya marar ƙarfi. "Dabinon ma ya huta kwanan nan."

"Me ya sa?"

"Maganin ya daina ɗaci. Har tsami-tsami yake yi. Na ce Dokta ta tausaya min ta canza."

"Tun ranar da aka karɓo?"

"A'a. Da farko da ɗacinsa, kamar maɗaci. Sai da aka fara haƙar doya ya canza."

Wannan ya wanke Torkula mai ba da magani a asibitin, wanda tun safe yake gumi. Roba ta bar hannunsa da ɗacinta, a gida aka yi aikin. Doris ta koma kan Babandi.

"Ina kake lokacin haƙar doya?"

"Agyaragu, ranki ya daɗe. Ina da gona can. Sai Juma'a nake zuwa gida."

"Ba ka ga matarka na ramewa ba?"

"Na gani. Na ce wahalar yarinya ce. Na ƙaro mata hanta da ƙwai." Ya share ido da hularsa. "In ɗaure ni zai sa ta tashi, ki ɗaure."

"Ɗakin ɗaurinmu ya cika. Zauna tukuna."

Washegari ta hau babur zuwa Adogi. Gidan ƙarami ne, a share tas. Sharifa, ƙanwar Halimatu, wadda ta zo rainon jaririya tun bayan suna, tana zaune a tabarma da Rabi'a a cinya, tana ba ta koko da cokali. Yarinyar na kama mata kumatu tana ɓangala dariya. Duk wanda ya gani ya san tana son 'yar nan tsakani da Allah.

Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Ki gan ta nan, 'yar sanda. Da ta zo, tsinke muke ce mata, iska ma sai ta yi hankali da ita. Yanzu dubi kumatu. Samari har layi. Tuwon gidan Yaya ya karɓe ta."

Haka mutane suke. Su za su yi wa yarinya dariya har ta tsani jikin da Allah ya ba ta, in ta lalata shi kuma su yi mata guɗa.

Doris ta dubi fuskar, ta dubi wuyan, ta dubi ƙafafun da ke miƙe a tabarma, sirara kamar ba nata ba. Ta kuma lura goshin Sharifa na tsattsafo da gumi a cikin inuwa.

Ta zauna kusa da ita, ta karɓi jaririyar.

"Ƙanwata, yaushe rabonki da sha?"

"Shan me, Anti?"

"Ba tambayar kotu nake miki ba, ta likita ce. Kina jin jiri. Kin yi amai da safe, ga wurin can an zuba toka. Wanda ya saba da maganin nan ya tsaya farat ɗaya, yadda aka ɗauki yayarki haka za a ɗauke shi. Ina sauran?"

Sharifa ta ajiye cokalin.

"Na zuba a masai. Ranar da ta faɗi."

"Tashi mu tafi. Ki riƙe ni da kyau a babur."

A asibiti, bayan an yi mata allura, Sharifa ta faɗi sauran a gaban Kyari da Babandi. Ita ta raka Halimatu ranar da Dokta Terngu ke gargaɗi: ɗaya da safe, kada a ƙara sai da zazzaɓi, yawansa na kumbura mutum. Halimatu ta ji gargaɗi, Sharifa ta ji talla. Ƙawayenta na sayen irinsa a kemis don ƙiba, amma ana cewa jabu ya yi yawa, na likita kuwa ba shakka a kansa. Ta ga Yaya ta miƙe tana daka tana wanki, ta ce ai ta warke, bitamin ma zai ishe ta. Ita kuwa uku-uku take sha.

"Ɗacin ya nuna min a gida aka yi," in ji Doris ga Kyari. "Ranakun sun nuna mijin ba ya nan. Sauran kuwa a fuskarta yake rubuce, kuna ta yi mata barka."

Kyari ya juya wajen Babandi.

"Suruki..."

"Bar shi, Yaya. Da ni ne, da na yaga rigar. Kai ka bar min ita da maɓallanta."

Halimatu ta sa aka turo gadon Sharifa kusa da nata. Ta miƙa hannu ta ja mata kunne, ba da ƙarfi ba, don ba ta da shi.

"Sakarya. Da kin tambaye ni, da na ce miki ke kika fi mu kyau duk gidan."

Ta roƙi Doris a bar maganar a gida. Doris ta ce da akuya aka sata da ta bari, amma rai aka taɓa, kuma rai ba na Halimatu ba ne ita kaɗai, akwai mai shan koko a Adogi. Babandi ya ɗauki matarsa ya mayar gida, robar magani na rataye a wuyanta cikin 'yar jaka da ya ɗinka da hannunsa.

Dokta Terngu ta yaye Sharifa daga maganin kaɗan-kaɗan har kumatun suka saɓe. Da ta sallame ta, aka kai ta gaban alƙali. Halimatu ta yi roƙo, alƙali ya ji, ya rage. An ɗaure Sharifa wata shida.