Cikin da Mma Ke Yi wa Magana

"Mma, ki ba ni maganina... don Allah!"

"Mai ciki ba ta haɗiyar ƙwaya a gidana," in ji Mma Mansuratu, surukar Raihanatu. Ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zane ta fice.

Raihanatu ta bi ta da ido. Cikin da tsohuwar ke karewa ai babu shi. Ɗan ya koma tun a ciki. A wani asibiti a Yendi aka yi mata wankin ciki, aka sallame ta a ranar da ƙwayoyin rage zubar jini da ciwon mara. Mijinta Nazif, ɗan tsohuwar tilo, ya kawo ta Salaga ta huta, ya wuce Bawku sayen shanu.

"Rabin raina, kar ki faɗa mata," ya roƙe ta. "Kin san hawan jininta... bari na dawo."

Namiji ke nan! Ya bar ta da jangwam, ita kuma so ya rufe mata baki.

Da azahar gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Tsohuwar ta shigo ba sallama, ta durƙusa, ta ɗora kunne a kan cikin tana murmushi.

"Issah, ka tashi?" Sunan marigayi mijinta ne ta riga ta raɗa wa jikan. "Ji shi... yana amsa mini."

Tsigar jikin Raihanatu ta tashi, don wallahi ita ma ta ji wani abu ya juya a mararta. Sai ɗumi ya bi cinyarta, ya jiƙa tabarma, ya ƙi tsayawa. Tsoro ya kama ta, ta san in ta ƙara yin shiru mutuwa za ta yi.

"Mma, babu Issah! Ya tafi tun a Yendi... jini nake zubarwa. Maganin na tsayar da shi ne!"

Murmushin ya bushe a fuskar tsohuwar. Ta dubi tabarmar.

"Na jefa su rijiya," ta ce da wata 'yar murya.

Sai ta zabura, ta ƙwala wa maƙwabci kira ya kawo moto, wato babur, asibiti za su. Ta buɗe akwati, ta zaro sabon zanen goyo, ta ɗaure wa Raihanatu ƙugu tam, hawaye na zuba.

"Riƙe ni, 'yata. Ɗaya ya tafi... ba zan ba da biyu ba!"